Na Rubuta Cewa Maye Take Yi, Ashe Ciwo Ne

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Ni shugabar sashe ce a wata ma'aikata a Abuja. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo min wata ma'aikaciya 'yar garin Kwali, mu kira ta Ladi, Hausarta ba ta gama nuna ba. Da safe garau take, amma da azahar sai fatar idonta ɗaya ta sauko, maganarta ta riƙa jan ƙafa. Na ɗauka harara ce, ni kuwa ba na ɗaukar raini. Da na tsare ta sai ta ce, "Madam, idona ne ya gaji." Na yi dariya har da hawaye, na maida shi sunanta, har masinja Ido-ya-gaji yake kiranta. Gaskiya na ji daɗin abin a lokacin.

Ban tsaya nan ba, na rubuta mata takardar tuhuma har uku cewa burkutu take sha a bakin aiki, alhali ko warinsa ban taɓa ji a jikinta ba. Shekara biyu bayan haka na sa aka tura ta ofishinmu na Abaji.

Watan jiya numfashinta ya sarƙe, aka kwantar da ita a asibiti. Ƙanwata likita ce a asibitin, ita ta warware min komai. Wai akwai wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji, taimos, nan ne makarantar sojojin jiki, inda ake koya musu bambance baƙo da ɗan gida. Nata ya koya musu ba daidai ba, sai suka juya suna toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Ashe ido yana gajiya, daidai ta faɗa.

Ranar Litinin kwamiti zai zauna kan korarta, takarduna ne hujja. In na janye su na amsa cewa ƙarya na rubuta, ga shi bana nake jiran a ba ni muƙamin darakta. Jiya mijinta ya zo ofis ya durƙusa, wai in yi haƙuri, shi ma da ya ga takarduna ya kwashe yaran daga hannunta har sai ta daina sha. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya shirye ta."

Jama'a, in faɗa wa kwamiti gaskiya, ko in yi shiru? Kuma shi mijin, da wane baki zan kira shi?