Kawuna da Ciyawar Bakin Layinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni nas ce, ina aure a Unguwar Gano. A bakin layinmu akwai ɗan fili tsakanin kwata da titi, duk damina ciyawa take cika shi, leburorin ƙaramar hukuma ne suke sarewa. Wanda aka ba wa ɓangarenmu kuwa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu har na gama karatun jinya. Tun farkon dawowar mulkin farar hula aka ɗauke shi aikin nan, da adda da lauje ya ciyar da mu.

To bana bayansa ya riƙe, ko sunkuyo ba ya iya yi. Da safe zai zo ya ɗan sassari gefe, ya koma gindin darbejiya ya zauna, don dai a ga ya fito. Ciyawa har ta kai ƙugu. Na ce zan samo masu sarewa, ya ƙi, wai ranar da aka ga wani a wajen an gane ya gaza ke nan, za a sallame shi, alhali saura ƙiris ya yi ritaya. Maigidana ya ce shi zai sare ranar Lahadi, tun daga nan Kawu ya daina amsa gaisuwarsa, dole muka haƙura.

Satin da ya wuce maciji ya sari Hanifa, 'yar maƙwabciyata, a wajen ciyawar nan tana dawowa daga Islamiyya. Ni na ɗauke ta a adaidaita zuwa asibiti, uwar tana ta kuka a kafaɗata. Alhamdulillahi ta tashi, amma har yau ƙafar a kumbure take, ba ta takawa.

Yanzu mutanen layi sun shirya zuwa wajen kansila, kuma ni suke so in yi bayani. Na fara kame-kame, Maman Hanifa ta ce, "Anti, ke kika ga ƙafar yarinyar nan da idonki, in kin yi shiru wa zai faɗa?" Na je na samu Kawu a gida na faɗa masa, ya ce, "Ki bar ni in kai ƙarshen shekara, ban taɓa roƙonki komai ba."

Ga ruwa bai ɗauke ba, ni ma 'ya'yana ta nan suke bi zuwa makaranta. In na je na tona asirin wanda ya raine ni, in na ƙi kuma wani abu ya sake faruwa, ban san da wane ido zan kalli maƙwabtana ba. Ko in sa a sare ba da saninsa ba, in ya so ya yi fushi da ni? Don Allah in ku ne, ya za ku yi?