Ƙugiyar da Na Ƙara

Litinin, 3 ga Maris

Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa jan birona ya riga mu gidan gaskiya yau da hantsi, bayan doguwar jinya. Ya bar murfi ɗaya da tabo a aljihun rigata.

Aikinsa na ƙarshe ƙugiya ce guda. Ina kwashe tarkacen teburina a maɗaba'a, sai ga takarda maƙale a bayan ƙamus. Baban Inji ne ya bar mini ita ranar da ya tafi asibiti, mako biyar ke nan, tafiyar da bai dawo ba. Ta ce: "Malam, ƙafar ta matsa, na tafi asibiti. Mabuɗin ɗakin takarda yana ƙarƙashin gwangwanin mai. Ka kare aikin nan."

Shekara ashirin da biyu ina duba kurakurai, shi yana bugawa. Kullum ina masa faɗan ƙugiya, kullum yana cewa mai karatu ai ba jaki ba ne, zai gane. Kafin in yi tunani hannuna ya ɗora wa k ɗin nan ƙugiya. Ka ƙare aikin nan. Na gyara wa mamaci rubutu, biro ya ƙafe.

Talata, 4 ga Maris

Sabon Manaja ya kira ni. Wai kwamfuta tana duba shafi ɗari kafin in gama goge tabarau. "Ba korar ka muke yi ba, Baba. Ka dai yi tunani, zuwa Juma'ar sama." A littattafan da na karanta, wanda za a sallama akan yi masa ko jawabi ne. Ni ko zama ba a ce in yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Tsohuwa, injin bugunmu, ta ƙi tashi tun safe. Da Baban Inji yana nan da ya bubbuga mata gefe ya ce, "Za ta tashi." Haka yake ce wa komai. Motata ta mutu a titi, za ta tashi. 'Yata ta faɗi jarrabawa, za ta tashi. Har ƙafarsa da ta kumbura ta yi baƙi. Nakan ce masa da fatan alheri ciwo ne, da shi aka fara kwantarwa.

Yau na ji ta a bayana, muryar, da 'yar shaƙewar nan tasa. Na juya. Rigar aikinsa ce kawai a jikin ƙusa, hannu ɗaya ya ɗan ɗaga kamar zai yi magana. Babu wanda ya iya cire ta.

Abin da ke cina shi ne, mutumin da bai taɓa yarda wani abu ya ƙare ba, kalmarsa ta ƙarshe gare ni ita ce in ƙare. Me ya hango?

Asabar, 8 ga Maris

Famfon kicin yana ɗiga. Ka-ƙare, ka-ƙare. Na sa masa tsumma.

Talata, 11 ga Maris

An dawo da littafin da muka buga makon jiya. Sunan marubucin, a bango, harafi ɗaya ya faɗi. Ni na duba shi, har sau biyu. Manaja ya ajiye mini a tebur ya juya ya fita, da ma zagi ya yi.

Na rubuta takardar barin aiki. Ita kam babu kuskure ko ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Maman yara tana lalube aljihuna kafin wanki, ta zaro takardar Baban Inji. Ta tsaya a ƙofa tana karantawa da motsa leɓe.

"Malam, wannan jan naka ne?"

Na ce nawa ne, ai marigayi bai san hanyar ƙugiya ba.

Ta bi layin da farce. Ƙafar. Mabuɗin. Ɗakin. Ƙarƙashin. "Ƙugiya biyar ya sa da shuɗin bironsa, ga ciwo ga sauri. Ta shidan ce zai manta? Kai da littattafanka suka hana mu wurin ajiye kwanuka."

Na ce ta ji da wankinta. Ta yi dariya ta fita.

Na daɗe ina kallo. Suna nan, duka biyar, a karkace kamar na ɗan koyo, an danna biro har ya kusa huda takarda. Yaushe ya koya? Shekara ashirin da biyu ina neman inda ya bari, ban taɓa duba inda ya sa ba.

Ka kare. Ka tsare, ka tsaya masa.

Juma'a, 14 ga Maris

Takardar barin aiki tana bayan ƙamus, can inda tasa ta kwana.

Na rubuta wa Manaja layi biyu, "ya kare gidan" da "ya ƙare gidan", na ce ya ba kwamfutarsa. Ta wuce su duka, ba ta ga laifin kowa ba. Ya sosa ƙeya. In ci gaba da aiki wata uku, in ji shi, safiya kawai, sannan a gani. Ba nasara ba ce, kada in ruɗi kaina.

Tsohuwa har yanzu shiru, makaniki ya ce sai an samo wani ƙarfe. Da zan wuce na bubbuga mata gefe. Ban ce komai ba. To, na ce za ta tashi, amma a hankali, kuma babu kowa sai rigar.

Na sayi sabon jan biro. Aikinsa na farko, na soke ƙugiyar nan, na rubuta a gefe: kuskuren mai dubawa ne.