Ni na sa aka buɗe ramin takin, Mantau aka kora

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan zaure. A ɓoye sunana. Dattijo ne ni, na haura saba'in, lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu kawai na yi, ku yi haƙuri da rubutuna. Shawararku nake roƙo saboda Allah, kuma ran Juma'ar nan nake bukatar ta.

A farkon shekarun tamanin, malamin gona ya zo garinmu, wani ƙauye kusa da Ollelewa, ya kafa mana kwamitin taki a ƙarƙashin ƙungiyar manoma. Aikin sa kai ne, ba a biyan kowa. Aka gina babban rami bayan gari, ana zuba kashin shanu da na awaki, da toka, da karan hatsi, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe, sannan a raba wa mambobi. Ni aka ba shugabanci saboda na iya riƙe biro. Amma wanda ya san aikin wani ne da zan kira Mantau. Shi ke bin makwantar Fulani da jakinsa da mangala, shi ke jan ruwa a rijiyarmu mai zurfi, shi ke shiga ramin har gwiwa. Yana da yadda yake gane taki ya nuna: ya tura hannu ciki har gwiwar hannu, in ya ji ɗumi ya ce da saura, in ya ji sanyi ya ce a ɗiba.

Ni na laƙa masa suna Buzuzu, ƙwaron nan mai mirgina kashi. A wajen taro na faɗa, aka yi dariya, washegari yara suna bin sa da shi. In an kawo tuwon kwamiti sai in ce a zuba masa nasa daban. Ko a masallaci, da ya tsaya kusa da ni, na taɓa ja da baya daga sahu don mutane su gani.

Wata shekara shanun Fulani suka zo a makare, ramin bai cika da wuri ba. Sai labari ya zo cewa manya za su zo daga Tanut su zagaya, garin da ya riga sa taki a gona za a ba kwamitinsa amalanke. Na ce a buɗe ramin, a zuba taki a gurbin shuka tare da iri, yadda baƙi za su gani da idonsu. Mantau ya ce takin ɗanye ne, yana bukatar wata guda, in ruwa ya yi ƙaranci zai ƙona tsiron. Mu biyu ne a bakin ramin. Ya ce, “Shugaba, sa hannunka ka ji.” Na ce masa hannun da ke riƙe biro ba ya shiga kashi. Na koma na gaya wa sauran mambobi cewa Buzuzu ya gwada, ya ce ya nuna.

Aka ɗiba, aka shuka. Baƙi suka zo suka yaba, aka ba mu amalanke, na ajiye ta a ƙofar gidana. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke kwana da kwanaki. Duk gonar da aka sa takin, tsiron ya yi ja ya bushe, kuma yawancinmu iya irin da muke da shi ke nan. A gonakin mambobi ɗaya ce ta tsaya koriya, ta Mantau, domin shi bai ɗauki kasonsa ba.

Da mutane suka taru a ƙofar mai gari ransu a ɓace, na ga idanu sun fara juyowa kaina, sai na riga kowa. Na ce a tambayi Buzuzu me ya sa bai sa takin a gonarsa ba, in ba ya san abin da ya zuba a ciki ba. Na sa aka ɗebo takin a ƙwarya, na juye masa a kan rigarsa, na ce in babu mugun abu ya ci mu gani. Ya dube ni ya ce na san abin da ya gaya mini a bakin rami. Na rantse a gaban dattawa cewa bai gaya mini kome ba. Wa zai yarda da Buzuzu ya ƙaryata shugaba?

Aka cire shi daga kwamiti. Aka daina sayen furar matarsa. A rijiya sai kowa ya gama za a bar shi ya ja. Wata rana da hantsi na ga an tura awaki cikin gonarsa, na canza hanya. Kafin kaka ya ce zai koma wajen dangin matarsa a Tarka. Ni na ba su aron amalanken nan suka kwashe kaya, ba don tausayi ba, don su yi sauri su bar mini garin. A can ya rasu, ban je gaisuwa ba.

Bara babban ɗansa, zan kira shi Ilu, ya dawo ya gyara kangon ubansa. Shi ma yanzu ya yi furfura. An sake kafa kwamitin taki a garin, ya nemi shiga, aka ƙi. Waɗanda ba a ko haife su a lokacin ba suna cewa jinin mai ƙona hatsi ne, jikokinsa ma 'yan gidan Buzuzu ake ce musu. Ɗana na uku yana cikin masu ƙin.

Shekaranjiya Ilu ya zo gidana da goro, ya cire takalmi ya durƙusa. Ya ce bai manta ba, ranar da gari ya juya musu baya ni kaɗai na ba su abin ɗaukar kaya. Ya ce ubansa bai taɓa yi musu maganar ramin ba har ya mutu, shi kuma ya daɗe da haƙura cewa tsohon ya yi kuskure. Sannan ya ce, “Baba, ran Juma'a bayan masallaci za a zauna. Ba sai ka wanke shi ba. Ka ce musu kawai ni ba halin ubana gare ni ba.”

Duk 'yan tsohon kwamitin sun rasu, ni kaɗai na rage. In na faɗi abin da ya roƙa, za a karɓe shi, ya yi ta sa mini albarka, ni kuma na sake binne Mantau da ƙarya. In na faɗi gaskiya, 'ya'yana da jikokina su za su gaji sunan da na laƙa wa wani, kuma ban san da wane ido Ilu zai kalle ni ba.

Jama'a, in tashi a gaban gari in faɗa, ko in kira shi shi kaɗai in fara gaya masa? Akwai wata hanyar tuba da ba ta bi ta bakin ramin nan ba? Ku gaya mini gaskiya ko da zagi ne. Goron yana nan a kan tabarma inda ya ajiye shi, na kasa sa masa hannu.