Takarda Sha Takwas, Hannu Ɗaya

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Yau firamarenmu ta Dogarawa na kai takardun tambayoyina, na yadda malamai ke amfani da kwamfuta a aji. Dakta Oladipo, mai duba aikin digirina a Samaru, ya ce in kawo ɗari biyu ranar Juma'a, ko in jira wani zangon. Saura sha takwas. Baba Kefas, malamina na aji ɗaya, shi ne hedimasta yanzu. Ya ce, "Elizabet, bar su nan, ki dawo jibi."

Laraba, 5 ga Yuni
Na karɓo. Kowa wai kullum da kwamfuta yake koyarwa. Har na fara murna. A cikin keke, wajen unguwar PZ, na sake dubawa. Mutum ɗaya ne ya cike duka, biro kawai yake canzawa. Na san rubutun nan. Mai shi ne ya riƙe hannuna ya koya mini nawa.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na koma. Bai musa ba. Ya buɗe mini sito: kwamfuta goma a kwali, shekara uku, ko leda ba a cire ba.

"An ce da takardun nan za a zaɓi waɗanda za a sallama daga aiki. Ba wanda aka koya wa a malamaina. 'Yata, ni kaina ban san inda ake kunna ta ba."

Na rantse masa ba gwamnati ta aiko ni ba, ba a sa sunan kowa. Ya ce duk mai zuwa haka yake faɗa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. In na haɗa da takardun nan, wa zai sani? Ni.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ɗari da tamanin da biyu na kai. Dakta ya ce sai wani zangon. Ya tambayi dalili, na ce ruwa ya jiƙa sauran. Ga ni nan, ni ma na iya ƙarya.

Lahadi, 9 ga Yuni
Mama ta riga ta ɗinka kayan bikin yaye ni. Ban faɗa mata ba.

Asabar, 15 ga Yuni
Laimata da na manta a makarantar na je ɗaukowa, ita kaɗai. Sai na tarar akwai wuta, Baba Kefas kuma yana ofis. Muka farke kwali ɗaya. Ya ce zai buga sunansa, ya yi ta laluben harafin farko, sai na riƙe masa yatsa muka nemo K.

Har yanzu ina fushi da shi. Laimar kuma na sake mantawa da ita a can.