Duka Ukun Naka Ne?

Maman yara,

Na koma aiki kafin ki dawo. Tikitin jirgin ƙasan na cikin aljihun tebur tare da fasfo. Mun samu rangwamen iyali har tsallaken iyaka, zuwa da dawowa.

Sharaɗin rangwamen shi ne iyaye da 'ya'yansu. Mai sayar da tikiti ya ce, "Duka ukun naka ne?" Gimbiya na tsaye kusa da ni. Sai na tsaya ina auna ko ita, 'yar marigayi Yaya, 'yata ce a idon kamfani, alhali shekara tara ban kira ta da wata kalma ba. Ya ce, "Malam, akwai layi." Na ce duka nawa ne. Ya buga hatimi.

Na bincika zuciyata, ban yi ƙarya ba. Laifina shirun nan ne, kuma ta ji shi. A ƙofar gida ta ce mini "Baffa", ba "Baba" ba.

Ki gaya mata kujerar taga tata ce. Amma kada ki ba ta haƙuri a madadina. Wannan ma nawa ne.