Karnukanki sun kori kakarki

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, in ban da abin da kika bar mini.

'Yan karnukan nan biyu da kika karɓo daga ƙungiyar kula da dabbobi a Yamai sun kori kakarki daga gida. Ranar Talata farin ya sa baki a kwanon alwalarta. Ta wanke kwanon sau bakwai, ta ɗaure kayanta sai Dumega. Na bi ta har tasha ina ba ta haƙuri, ta ce, "Uwar Rabi, ko ni ko su." Kin san a can babu mai tsare ta ta sha maganin hawan jininta.

Maƙwabciyarmu Madam Ruta, malamar makaranta, ta yarda ta riƙe su. Na kira ƙungiyar, suka ce takardar da kika sa wa hannu ta hana a ba wani, sai ke kin nema da bakinki.

Tausayin dabba akwai lada, ban musa ba, kuma ban taɓa barinsu da yunwa ba. Amma ke kika ɗauki ladar, kika bar mini ɗawainiyar. Ki kira ƙungiyar yau ɗin nan.

Ki gaida masu masaukinki, ki sa mu a addu'a. In kin kira ni, ki fara tambayar lafiyar tsohuwa kafin ki tambaya ko karnukanki sun ci abinci.

Mahaifiyarki,
Hadiza