Tubalina Bai Narke Ba

Tabotaki, daren Laraba

Baban Hadiza, ina ma kana nan ka gani da idonka! Kana can Abijan, ni ko murna ta hana ni kwana.

Tun da ɗakin yara ya hwaɗi bara nike tsoron damina ta iske su waje. Sai na tuna yadda Inna ka yi, Allah shi jiƙan ta: laka da kashin shanu da ƙaiƙayin hatsi, a zuba ruwan bagaruwa, a bari ta ruɓa kwana bakwai. Idi magini ya yi ta dariya, wai, "Uwar Hadiza, gini za mu yi ko hura za ki dama?"

Na aje tubalina ɗaya kusa da nashi a tsakar gida. Yau ruwan hwari ya sauka. Nashi ya koma kunu. Nawa ko gefe kaɗai ruwa ya ɗan ci. Har na hau bisa da duk ƙibar nan tawa, bai tsage ba.

Gobe mu jiƙa lakar ɗakin duka. Allah shi yahe mini, duk garin ga ni kaɗai ka roƙon ruwa shi ɗan jinkirta.

Ana buga ƙohwa. Muryar Idi ce, wai tiya nawa ta bagaruwa ake zubawa cikin lakar.